Nassarawo Wacce?

Ina aji biyar a firamare aka aiko wa kawuna da wani ƙunshin littattafai daga Kano. Wanda ya aiko ya rubuta sunan kawu a bayan kwalin da manyan baƙaƙe, ya sa "Nassarawo" a ƙarƙashi, ya danƙa wa wani direba a tasha, ya koma gida hankalinsa kwance. Kwalin nan sai da ya yi wata biyu yana gararamba kafin ya iso zaurenmu a Jimeta, domin kuwa an wuce da shi Nassarawo Jereng ta ƙasar Mayo-Belwa, inda aka yi rashin sa'a akwai wani malami takwaran kawu. Ranar da aka kawo shi kawu bai yi faɗa ba. Juya kwalin ya yi, ya dubi rubutun, ya ce, "Direba ba shi da laifi. Wanda ya ce Nassarawo ya yi shiru, rabin magana ya faɗa."

Gaskiyar kawu ce. A Adamawa kaɗai akwai Nassarawo tamu ta Jimeta, akwai ta Jereng, akwai ta Demsa. Kano tana da Nassarawa, Kaduna tana da tata, ga kuma jiha sukutum mai wannan suna da aka ƙirƙiro a 1996. Hausawa sun daɗe da sanin maganin wannan ruɗani. Idan Muhammadu ya yi yawa a aji, malami sai ya liƙa wa kowa sunan garinsu, kuma ta irin wannan hanya muka sami Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Shehu Shagari. Suna linzami ne, in ji masu iya magana, amma linzamin da aka sa wa dawaki goma a lokaci guda ba ya juya ko ɗaya. Ban taɓa zaton wannan darasi na ƙuruciya zai sake tarar da ni ba, ina da furfura a gemu, ina zaune gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa. To, ya tarar da ni, kuma labarinsa nake so in ba mai karatu.

Kawu ya rasu ya bar gafaka guda cike da waƙoƙin da ya rubuta da ajami, yawancinsu da Hausa, 'yan kaɗan da Fulatanci. Wa'azi ne da madahu da marsiyya, irin waɗanda malaman zaure suka saba yi ba don a buga ba. Gafakar ta zauna a ɗakin Inna, matarsa, cikin akwatin ƙarfe, ba mai taɓa ta. Da ambaliyar 2022 ta ci garuruwan bakin Binuwai, sai tsoro ya kama ni. Ruwan bai shigo gidanmu ba, amma na kwana ina lissafin cewa takardun da gara ta yi wa rangwame shekara da shekaru, dare ɗaya ya isa ya shafe su. Washegari na roƙi Inna ta ba ni aron gafakar, na ɗauki hoton kowane shafi.

Sai dai hoto hoto ne. Na'ura ba ta iya nemo kalma a cikinsa, ba ta san inda baiti ya fara ba balle inda ya ƙare. Ko da mutum ya zauna ya buga waƙar baƙi bayan baƙi, abin da na'ura take gani jerin haruffa ne kawai. Dole sai an yi wa matanin alamomi, wato a riƙa gaya mata cewa nan ne farkon baiti, wannan ɗango ne, wannan sunan mutum ne, wannan kuwa gyaran mai kwafi ne. Masana adabi da harshe na ƙasashe da dama sun ga cewa idan kowa ya ƙago nasa alamomin ba wanda zai iya karanta aikin wani, don haka suka taru a Kwalejin Vassar ta jihar Niyok a Amurka cikin watan Nuwamba na 1987, suka aza harsashin wata daidaitacciyar ƙa'ida da ake kira TEI. Cikakken kundinta ya fito a 1994, sannan fitowa ta biyar, wadda ake kira P5, ta zo a 2007, kuma ita ake ta yi wa kwaskwarima har yau. Da ita ake tsara kundayen rubuce-rubucen hannu a manyan ɗakunan karatu, alal misali kundin Fihrist na rubutattun littattafan duniyar Musulmi da ke ajiye a Birtaniya. Duk wanda ya san wahalar da aka sha kafin a daidaita rubutun boko, tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912 har zuwa taron Bamako na 1966, ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin irin wannan yarjejeniya ba.

TEI tana da alamomi sama da 500, kowace da sunanta da ma'anarta da wurin da aka yarda ta zauna. Alamar baiti "lg" ce, ta ɗango "l", ta kwanan wata "date". Na koyi waɗanda nake bukata, na shiga aiki da dare bayan na dawo daga makaranta, cikin zafin Jimeta wanda kowa ya san ba a ba shi labari. Ban yi nisa ba na ci karo da abubuwa biyu da ban ga sunansu a kundin ba. Na farko amshi, domin kawu yakan sa wa wasu waƙoƙinsa amshin da ake maimaitawa bayan kowane baiti. Na biyu ramzi, wato kalmar nan da marubutanmu kan saƙa a baitocin ƙarshe, wadda idan aka haɗa lissafin baƙaƙenta sai ta ba da shekarar da aka yi waƙar.

Masu ƙa'idar sun san ba za su iya hango bukatar kowa ba, saboda haka suka buɗe ƙofar gyara. Akwai wata takarda da ake kira ODD, wadda a cikinta mai aiki zai bayyana alamomin da ya ɗauka, da waɗanda ya zubar, da waɗanda ya sauya, da waɗanda ya ƙara, sannan wata manhaja, irin su Roma, ta fitar masa da ma'aunin da zai riƙa tantance aikinsa da shi. Da na ga wannan ƙofa sai na shige ta da gudu. Na ƙago alama na raɗa mata suna "amshi", na ƙago wata na ce "ramzi", na jera su kafaɗa da kafaɗa da "lg" da "l" tamkar uwa ɗaya ta haife su. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai da na ga kalmomin Hausa zaune daram a tsakiyar na Turawa. Ma'aunina ya karɓi kome, tun da ni na ƙera shi. Wata bakwai na yi a haka.

Da na gama kashin farko sai na aika wa wani abokina, ma'aikacin ɗakin karatu a wata jami'a, wanda ya yi mini alkawarin ajiye kwafi a taskarsu. Kwana biyu sai ga wayarsa.

"Dakta, aikinka ya yi kyau, amma ba zai shiga ba."

Na ce, "Subhanallahi! Malam, me ya hana?"

Ya ce, "Wa ya ba ka izinin raɗa wa 'ya'yanka sunan gidan mutane? Ma'aunin TEI na kowa da kowa ya duba amshinka, ya ga tana ikirarin ita 'yar gidan ce, ya buɗe rajista bai same ta ba. Ka aiko da kwali ka rubuta masa adireshin da ba nasa ba."

A wannan dare ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko. Alamomin TEI an gina su ne a kan wani tsari mai suna XML, wanda ya fito a 1998. Da yake jama'a daban-daban suna ƙago alamomi a kan wannan tsari, ba a daɗe ba sunaye suka fara karo da juna. Kalmar "head" a harshen da ake gina shafukan intanet da shi tana nufin sashen bayanan shafi wanda mai karatu ba ya gani, amma a TEI tana nufin kanun babi ko na waƙa. To idan na'ura ta tsinci "head" a takarda, wacce ke nan? Tambayar direban kawu ce ta dawo: Nassarawo wacce? A 1999 aka fito da maganin, wanda ni a Hausance nake kira unguwar suna. Kowane rukunin alamomi ana ba shi wani dogon laƙabi mai siffar adireshin intanet, kuma cikakken sunan alama shi ne laƙabin unguwarta haɗe da sunanta na yanka. Laƙabin unguwar TEI shi ne http://www.tei-c.org/ns/1.0. Na'ura ba ta zuwa wannan adireshi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Amfaninsa kawai shi ne ba wani mai irinsa a duniya. Da P5 ta zo sai aka zuba dukan alamomin TEI a wannan unguwa, aka kuma shardanta cewa duk wanda ya ƙago sabuwar alama ya sa ta a wata unguwa dabam. Ni kuwa a saman kowace takarda na shelanta cewa duk abin da ke ciki ɗan unguwar TEI ne, har da amshi da ramzi.

Da farko raina ya sosu. Na ce a zuciyata, wato ke nan kalmominmu bare ne, sai dai su tsaya a bakin zaure? Da wannan fushi na kwanta. Da asuba na buɗe gafakar kawu don in ci gaba da aiki, sai idona ya faɗa kan wani littafin fiƙihu da ya kwafa da hannunsa yana saurayi. Matanin yana tsakiya da manyan baƙaƙe, an bar fili mai yalwa tsakanin layi da layi. Bayanin malaminsa da nasa suna gefe da tsakanin layuka, da ƙananan baƙaƙe, wasu a karkace. Ko yaron da ya fara haɗɗatu ya kalli shafin ya san wace magana ce ta mawallafi, wace ce ta mai sharhi. Ba raina kansa kawu ya yi ba da ya koma gefe. Tsoron Allah ne ya hana shi cusa maganarsa a bakin mawallafi. Na kuma tuna abin da nake koya wa ɗalibai kowace shekara game da tahamisi, inda wani sha'iri kan ɗauki baiti mai ƙwar biyu na wani ya ɗora masa ɗango uku a sama. Waƙar Tabbat Haƙiƙan Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kuma har yau mai nazari yana iya nuna ɗangon kowa da yatsa. Ƙari a kan aikin wani halal ne a adabinmu, muddin an san inda na wani ya tsaya da inda naka ya soma. Abin da na yi wata bakwai ina yi shi ne rubuta sharhina da alƙalamin matani.

Har wa yau na lura da wani abu da fushi ya rufe mini ido ban gani ba. Idan ramzi tana unguwata, ni ke da ikon faɗin ma'anarta, ba mai sauya mini ita daga wata ƙasa. Idan kuma wata rana masu kula da TEI suka ƙago alama mai irin sunan tawa da wata ma'ana dabam, ba za su yi karo ba. Wanda ya karɓi takarduna bayan ba ni, ya ga laƙabin da bai sani ba, zai gane nan take cewa wannan ƙari ne, ya nemi bayaninsa. Da na bar ta da laƙabin aro, sai ya yi ta laluben kundin TEI yana neman abin da ba ya ciki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To sai na tashi gyara, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko ciwo. Na zaɓi laƙabin unguwata, na bi kowace alamar amshi na rubuta mata shi a jikinta. Abin da ban sani ba shi ne, irin wannan shela gado ake yi da ita. Idan aka shelanta unguwa a kan wata alama ba tare da ɗafa-goshi ba, to duk alamomin da ke cikinta sun zama 'yan wannan unguwa, sai fa wadda aka sake yi wa shela. Ɗangogin da ke cikin amshi, waɗanda "l" ne na TEI tsantsa, sai suka wayi gari 'yan unguwata. A ido ba abin da ya sauya, "l" tana nan "l". A wurin na'ura kuwa sun zama wasu halittu dabam. Gaggawa ta hana ni sake tantancewa. Abokina ya taɓa ba ni wata 'yar manhaja mai tsinto ɗangogin TEI ta jera su a shafi don bugawa, na saka mata takardun, ta fitar da shafuka tsaf-tsaf, na kai aka buga aka ɗinke. Ko ƙorafi ɗaya ba ta yi ba. Abin da ta gane ta ɗauka, wanda ba ta gane ba ta tsallake.

Ranar Juma'a da la'asar na kai wa Inna littafin. Ta shafa bangonsa ta yi ta sa albarka. Da yake ba ta karanta boko, kuma idonta ya yi rauni, sai ta ce in karanta mata marsiyyar da kawu ya yi wa mahaifiyarsa. Na karanta baiti na farko, na wuce na biyu. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Ina amshin?"

Na ce, "Inna, yana nan."

Ta ce, "Ba ya nan. Shekara arba'in ina jin waƙar nan a bakin mai ita. Bayan wannan baitin akwai inda yake sauke murya, mu kuma mu karɓa. Ka cire mana namu wurin."

Na duba shafin, na juya na gaba, na juya na bayansa. Babu amshi ko ɗaya a littafin, daga farko har ƙarshe. Ni mai digiri na uku a adabi, wanda ya buga waƙoƙin nan da yatsunsa, na riƙe littafin kwana uku ban lura ba, domin tsabtar shafin ta ruɗe ni. Tsohuwar da ba ta san ko sunan na'urar ba ita ta kama kuskuren a baiti na biyu. Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi kunyar tsoro ne. Da Inna ba ta raye fa? Da wannan kwafin ne ya shiga taska, gafakar kuma ruwa ya ci ta, da jikokinmu sun gaji waƙoƙin kawu guntaye, kuma ba mai gaya musu an rage wani abu. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Na koma na zauna, wannan karon a natse. Abu na farko da na gano ya ba ni dariya: tun asali ba na bukatar ƙago alamar amshi. Alamar "lg" tana karɓar wata sifa mai suna "type" wadda ake bayyana irin baiti da ita, don haka ya isa in ce wannan "lg" ce irin ta amshi. Kalmar Hausa ta zauna a inda ƙa'ida ta tanadar mata, kowace na'ura a duniya kuma ta gane ɗangogin. Haka na yi wa ƙwar biyu da ƙwar biyar. Matambayi ba ya ɓata, amma ni ban tambayi kundin da kyau ba kafin in ɗauki guduma.

Ramzi kuwa na bar ta a matsayin alamar kaina, domin ina son a rubuta kowane baƙi da ƙimarsa da irin lissafin da aka bi. Dalili shi ne lissafin baƙaƙe iri biyu ne. A na Gabas shinun 300 ne, sinun 60. A na Magariba, wanda malaman ƙasarmu suke bi, shinun 1000 ne, sinun 300. Ramzin da ya fara da waɗannan baƙaƙe biyu yana nufin 1300 a wurin kawu, amma wanda ya yi masa lissafin Gabas zai sami 360, ya mayar da malamin Jimeta ɗan zamanin Abbasiyawa. Ashe ko baƙi ɗaya sai an san unguwarsu kafin a san ƙimarsa. Na shelanta unguwata sau ɗaya a saman takarda, na ɗaura mata ɗafa-goshi "nsr", don tunawa da Nassarawo, ta yadda alamar ta zama "nsr:ramzi". Da yake ɗafa-goshin a goshinta kaɗai yake, alamar "date" ta TEI da na sa a cikinta ba ta gaji kome ba, ta zauna da sunan gidansu. Shi kansa ɗafa-goshin laƙani ne kawai na taƙaitawa, wani yana iya sauya shi, dogon laƙabin da yake wakilta shi ne abin dogaro. A cikin takardar ODD kuma na rubuta ma'anar ramzi da yadda ake lissafinta, da Hausa da Ingilishi, na haɗa ta da waƙoƙin duk inda za su je. Abokina ya karɓa, ya sa ma'aunina a gefen na kowa da kowa, aikin ya shiga.

Ɗalibai da yawa a sashenmu sun fara sha'awar irin wannan aiki, kuma gidajen Yola da Jimeta cike suke da gafakoki masu jiran wanda zai buɗe su. Abin da zan ce musu bai wuce abin da na saya da tsada ba. Kafin ka ƙago suna, ka tabbata babu shi a kundin jama'a. Idan ka ƙago, ka sa masa laƙabin gidanku, ka rubuta ma'anarsa inda na baya zai gani. Bayan kowane gyara, kome ƙanƙantarsa, ka sake tantancewa, ka kuma ƙirga ɗangogin da suka shiga da waɗanda suka fito. Daga nan ka nemi wanda ya san waƙar da ka, ka karanta masa da babbar murya, tun yana nan.

Bugu na biyu na kai wa Inna bayan sallar layya. Na zauna a bakin tabarmarta na buɗe marsiyyar. Da na kai ƙarshen baiti na farko na sauke murya kamar yadda ta ce mai ita yana yi, ban kai ga karanta layin da ke biye ba ta karɓa, ƙanwata da ke tankaɗe a tsakar gida ita ma ta karɓa. Na sa yatsa a kan shafin ina bin su kalma bayan kalma har suka dire, ba ragi ba ƙari. Allah ya jiƙan kawu, ya kai haske kabarinsa.